Makullin Ɗakin Hoda

Ke da kika rubuto mini kina cewa, "Maiken, ke kika ja wa kanki, ai da kin yi magana tun farko," na ga saƙonki, ban kuma goge shi ba. Gaskiya kika faɗa. Sai dai ki gyara zama ki ji yadda ranar Asabar ta kasance, in ya so sai ki zage ni da hujja.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa, shekarata ashirin da shida. Babana Preben shi ne mai ɗan kamfanin nan da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garinmu, kusa da Vejle, inda muke ɗura hodar narkar da abinci a cikin kafso. Daga gwanda da abarba ake tatso hodar, ta iso mana cikin shuɗayen durom na roba, mu auna, mu gauraya, inji ya ɗura, masu fama da kumburin ciki su saya suna sa mana albarka. Mu goma sha huɗu ne a wurin, kuma ni kaɗai iyayena suka haifa. Tun ina 'yar shekara tara Baba yake nuna ni ga baƙi yana cewa, "Ga magajiyata nan," alhali ko igiyar takalmina ban iya ɗaurewa da kyau ba.

Sai kuma Asger. Shi ke kula da injin gauraya. Dogo ne, mai jan gemu cunkus, kullum cikin wata rigar ulu mai ruwan toka da kakarsa ta saƙa masa, wadda ko a ƙarƙashin rigar aiki ba ya rabuwa da ita. Shekara biyu da suka wuce, ranar da ya fara aiki, ƙarfe huɗu na yi muka fito daga ɗakin hoda ni da shi fari fat. A bango an rubuta cewa da injin zuƙar ƙura za a share jiki. Amma wa yake bi? Baba da kansa tiyon iska yake ja ya fesa a jikinsa, shuuu, minti ɗaya an gama. Asger ya ɗauki tiyon ya dube ni.

"Ranki ya daɗe, tsaya in kakkaɓe ki. Kada a ce magajiya ta fita titi kamar kazar da ta faɗa buhun fulawa."

Na cire takunkumin fuskata don ya ga hararar da zan yi masa, sai kuma dariya ta ƙwace mini. Ya fesa mini iska a gashi, hoda ta tashi ta lulluɓe mu, ina ihu ina dariya baki buɗe. Daga ranar abin ya zama namu. Kullum ƙarfe huɗu ya kakkaɓe ni, in kakkaɓe shi. A cikin wannan farin hayaƙin ya fara ce mini yana sona. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da atishawa abin ya fara. Sai ido ya kama ruwa, sai hanci ya toshe. Bara kuma wani ɗan fito ya tare a ƙirjina, siriri, ina ja yana amsawa. Ranakun hutu in ji sauƙi, Litinin da rana ya dawo. Da muka je tsibirin Bornholm mako biyu, ko tari ban yi ba. Mai hankali ai ya gane. Ni kuwa sai na shafa wa kyanwata Frede kashin kaji, na ce gashinta ne. Na sa ta a kwando na kai wa Goggo Ulla, ƙanwar Baba, wadda ke ɓangaren liƙa takardu a kwalabe. Frede ta yi ta kuka a hanya, ni ma ina yi. Goggo Ulla ta karɓi kwandon ta ƙare mini kallo ta ce, "Shekara takwas kuna kwana gado ɗaya da kyanwar nan, sai yanzu ta zama mayya?" Na juya na hau kekena.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, yanzu ko rungume ni Asger ya yi, da na cusa fuska a gemunsa sai ƙirjina ya ɗaure. Sai in ce masa zan shiga bayi. In kulle ƙofa, in buɗe famfo don kada ya ji, in ciro ɗan abin shaƙata, irin na masu asma, daga cikin jakar kwalliya in zuƙa sau biyu, in zauna a bakin baho ina jiran hanya ta buɗe. Wata biyar ina wannan.

Ranar Alhamis da ta wuce na koma wurin likitar cututtukan aiki, Likita Thorup, wata mata mai furfura da ba ta san kwana-kwana ba. Ta duba ɗan littafin da ta sa ni cikawa, inda nake rubuta ƙarfin numfashina duk lokacin da na hura bututun awo. Ta dubi damtsena inda suka ɗiga ruwan hodar suka tsaga fata kaɗan. Wurin ya kumbura ya yi jajir.

"Jikinki ya ɗauki hodar nan abokin gaba," in ji ta. "Kuma jiki ba ya mantuwa. Yanzu ba sai da yawa ba, wadda idonki ba zai gani ba ma ta isa."

"In na riƙa sa takunkumi biyu fa?"

"Ko goma. Da me kuke share jikinku in an tashi?"

"Da tiyon iska."

Ta ajiye biro. "Da takunkumi a fuska?"

Na girgiza kai.

"Maiken, asma ce ta kama ki, kuma kowace shiga ɗakin nan tana ƙara ta. Kin gama da wurin. Ba wurin kaɗai ba, har kayan wanda ya fito daga ciki, da gashinsa, da kujerar motarsa. Akwai wanda kike zama da shi da ke aiki a can?"

"Wanda zan aura."

Ta ɗan runtse ido. Sannan ta ce doka ta ɗora mata ta sanar da hukuma, kuma za su zo su duba kamfanin. Ta miƙa mini takardar bayaninta na sa a jaka, na fito na tsaya kusa da kekena, na rasa yadda ake buɗe makullinsa.

Kai tsaye gidan iyayena na nufa. Na tarar da Mama a teburin kicin, ƙananan tutocin ƙasarmu na adon biki, ja da fari, zube a gabanta, tana soka su a tsinke. Ranar Asabar kamfanin zai cika shekara ashirin da biyar, an kama zauren taro, an gayyaci mutum tamanin, kuma kowa ya san a ranar Baba zai miƙa mini makulli. Na zauna na zayyane mata komai. Hannunta bai daina soka tuta ba.

"Likitoci ai haka suke, su mai da allura garma," ta ce. "Babanki shekara ashirin da biyar yana shaƙar hodar nan, ko mura ba ya yi."

"Mama, ba kowa take kamawa ba. Ni ta kama."

"To ki bari sai bayan Asabar."

"A gaban mutum tamanin zai ba ni makullin ɗakin da ba zan iya shiga ba!"

"Sai ki karɓa ki yi murmushi. Makulli ne, ba maciji ba." Ta ɗago ta dube ni, idonta ya ciko. "Mako uku yana rubuta jawabinsa, Maiken. A gaban madubin bayi yake karantawa. Jiya na ji shi ya zo wurin sunanki ya kasa wucewa. Ki ba shi rana ɗaya tak. Na taɓa roƙonki wani abu?"

Ta taɓa, sau dubu. Amma na ce to.

Ina hawa keke wayata ta yi ƙara. Saƙon Asger ne.

"Ranki ya daɗe, yau ba wanda ya kakkaɓe ni. Na fito kamar fatalwa. Kina ina?"

Na rubuta, "Asger, wasanmu ne ya lalata mini ƙirji." Na kalli kalmomin na goge. Na rubuta, "Wurin Mama, muna tutoci. Ranar Asabar don Allah kada ka sa rigar kakarka."

"Kina jin kunyar kakata?"

"Ina jin kunyar warinta."

Ya turo hoton kansa ya tsuke baki cikin gemu, wai ya yi fushi. Na tsaya a gefen hanya ina kallon hoton har fitilar wayar ta mutu. Ina son mutumin nan, jama'a. Ina sonsa son da ba ni da inda zan kai shi, kuma na san in ya ji da hannunsa ya fesa mini abin, ba zai taɓa yafe wa kansa ba.

Rana ba ta ƙarya. Asabar na sa koriyar rigata mai dogon hannu don ta rufe damtsen, da 'yan kunnen kakata, na cusa abin shaƙata a ƙaramar jaka ƙarƙashin jan baki. Asger ya zo cikin baƙar kwat da ta ɗan matse shi a kafaɗa, yana ƙamshin sabulu, ya taje gemu. Na yi lissafina tsaf. Zauren taro ba kamfani ba ne, kowa ya yi wanka, kowa cikin kayan biki. Awa biyar ne, zan iya.

Kuma da farko na iya. Aka ci baƙin burodi da kifi mai tsami, aka kawo gasasshen nama da dankali da jan kabeji. Baba yana kan teburi na tsakiya, fuskarsa sai sheƙi take, makullin ɗakin hoda rataye a wuyansa bisa tsohuwar igiyar da bai taɓa canzawa ba. Asger ya sunkuyo ya raɗa mini, "In kin zama shugaba a ƙara mini hutu." Na ce, "Korarka zan fara yi." Har na fara tunanin Mama ta fi ni gaskiya.

Sai Mama ta buga cokali a jikin kofi, zauren ya yi tsit.

Kun san mu da biki. Ba a tashi sai wani ya rubuta waƙa a kan mai bikin, an buga ta a takardu, an naɗe, an ɓoye su cikin wani abu da ya dace da mutumin, sannan a raba kowa ya rera. Lokacin bikin Kawuna mai kamun kifi a cikin taru aka kawo su. Ni duk tsare-tsarena ban tuna da waƙa ba.

Ƙofar kicin ta buɗe. Goggo Ulla ta shigo tana turo amalanke, a kai kuwa shuɗin durom, an ɗaura masa jan ƙyalle, an manna masa hoton Baba yana saurayi. Zauren ya kece da dariya da tafi. Ni kuwa sai na juya wurin Mama.

"Mama," na ce, "daga ina durom ɗin nan?"

"Daga bayan kamfani mana. Babu komai a ciki, da kaina na goge shi da tsumma."

"Da ruwa?"

"Ruwa kuma? Takardun su jiƙe?"

Wallahi ba da mugunta ta yi ba. A wurin Mama abin da ido bai gani ba babu shi. Goggo Ulla ta fincike murfin, pam, aka fara miƙa takardu hannu zuwa hannu. Mutum tamanin suka warware takarda tamanin lokaci ɗaya, wasu har da karkaɗawa don ta miƙe. Rana tana shigowa ta taga, na ga ɗan farin abu yana yawo cikin haskenta. Da na tashi na fita a lokacin, da shi ke nan. Amma Baba yana kallona, ya ɗaga mini tasa takardar yana murmushi. Sai na warware tawa na miƙe tare da kowa.

Mai fiyano ya kama. Baiti goma sha biyu Mama ta rubuta. Na farko a kan yadda Baba ya fara a gareji da sikeli ɗaya. Na biyu a kan tsohuwar motarsa. A na uku hancina ya fara zuba. A na biyar fiton ya taso. Na riƙa motsa baki ba murya, ina lallaba jaka da hannu ɗaya. Na shida kuwa nawa ne:

"Ga Maiken tamu ta girma,
Makulli ya samu hannu,
Preben sai ka je ka huta..."

Duk zauren ya juyo gare ni ana rerawa ana dariya. Na ja numfashi don in yi murmushi, numfashin ya tsaya a maƙogwaro. Na sake ja. Kamar ana zuƙar iska ta cikin tsinken tsintsiya. Jakar ta suɓuce, jan baki ya gangara, abin shaƙata ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Na durƙusa ina laluben sa tsakanin takalman mutane, su kuwa ba su daina waƙar ba, sun ɗauka kunya ce ta sa na ɓuya.

Asger ne ya fara ganewa. Ya ture kujera ya ɗago ni ya rungume ni a ƙirjinsa, fuskata cikin gemunsa, takardar waƙar har yanzu a hannunsa.

"Maiken! Mene ne? Dube ni!"

Da ɗan ƙarfin da ya rage mini na tura shi. Kalma biyu na iya fitarwa, kuma su ne za su bi ni har kabari.

"Matsa... can."

Na ga fuskarsa lokacin da ya sake ni. Goggo Ulla ce ta rarrafa ta ciro abin shaƙar, ta ja ni waje kan matakala, tana daka wa mutane tsawa su buɗe hanya. Ina jin ta sama-sama tana cewa, "Kyanwa, ko? Kyanwa! Preben, zo ka ga kyanwarka!" Na zuƙa sau huɗu ƙirjin bai buɗe ba. Bayan nan sai jiniya, da wani abu da aka kifa mini a fuska, da Mama a bakin ƙofar motar asibiti tana ta maimaita, "Na goge shi fa. Wallahi na goge shi."

Lahadi da hantsi na dawo hayyacina sosai, robar iska a hanci, ƙirjina kamar an yi daka a kai. Goggo Ulla tana zaune tana saƙa. Ta ce ta buɗe jakata ta ga takardar likita, ta karanta wa Baba da Asger ita daga farko har ƙarshe a farfajiyar zauren, har da layin da ya yi maganar tiyon iska.

"Me Baba ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya je ya ɗauki durom ɗin ya kai mota da kansa."

"Asger fa?"

"Ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa. Ban taɓa ganin ƙaton mutum ya yi kuka haka ba." Ta naɗe saƙarta. "Yana waje tun safe. Zan je in sha kofi."

Ta fita. Sai ga wani mutum ya tsaya a bakin ƙofa, da kyar na gane shi. Babu gemu. Babu gashin kai. Haɓarsa fara sol, da ɗan yanka a gefe. Riga sabuwa, wando sabo, har takardar shago tana lilo a wuyan rigar. Bai shigo ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce.

"Ka yi muni."

"Na sani. Wanka uku na yi. Rigar kakata tana cikin leda a gareji." Ya shafa kansa. "Wata biyar, Maiken? Kina kulle kanki a bayi, ni ina falo ina tunanin kin gaji da ni?"

"Na ji tsoron ka sani."

"Cewa ni ne?"

"Mu ne. Ni na cire takunkumin."

Ya girgiza kai. Sannan ya ɗago hannunsa na dama. Wata farar leda ce mai zif, an rufe ta, an sake sa ta cikin wata. A ciki makullin ɗakin hoda da tsohuwar igiyarsa.

"Da sassafe Preben ya zo gidana. Bai ko zauna ba. Ya ce shi ya gama, ba zai iya sake shiga ɗakin da ya cinye ƙirjin 'yarsa ba. Ya ce ni kaɗai na san injin nan. In na karɓa, za a gyara komai yadda hukuma ta ce, a ci gaba. In ban karɓa ba, zai rufe."

"Ka karɓa?"

"Ajiye shi ya yi a kan teburina ya fita."

"In ka karɓa, kullum da hodar za ka dawo gida."

"Zan riƙa wanka a can. Zan canza kaya. Za a..."

"Mama ma ta goge durom."

Ya dubi ledar. Wayata ta yi haske a kan bargo. Mama ce.

"Babanki ko kofi bai sha ba tun jiya. Asger yana jin maganarki. Ki ce ya karɓa. Mutum goma sha uku ne, Maiken, har da goggonki. Ke ai za ki warke."

Na karanta sau biyu. Ba zan warke ba, likita ta faɗa, an kuma karanta musu. Na tuna kyanwata a cikin kwando. Na tuna famfon bayi, da tutocin Mama, da baiti shida da na tsaya ina motsa baki don kada ran kowa ya ɓaci. Tun ina shekara tara ban taɓa cewa ga abin da nake so ba. Ku kira ni mai son kai in kun ga dama, ni dai na kifa wayar.

"Asger, ba za ka shigo ɗakin nan da shi ba."

"Na sani."

"To ajiye shi a nan bakin ƙofa ka zo. Ba na son kamfani, ba na son waƙa. So nake in sa fuskata a wuyanka in yi numfashi. Ajiye ka zo."

Taku biyar ne tsakanin ƙofar da gadona, na ƙirga. Na miƙa masa hannuna mai allurar ruwa. Ya dubi hannun. Ya dubi kujerar da ke gefen ƙofa, inda leda za ta zauna daram. Har ya ɗan sunkuya.

Sai na ji ƙarar ledar. Yatsunsa ne suka ƙara damƙe ta.

"Maiken," ya ce, bai ɗago ya dube ni ba, "mutum goma sha uku ne fa."

Hannuna yana nan a miƙe. Ban san yadda zan mai da shi ba.